Alwalar Kansila a Bakin Famfo

Sallau ɗan jarida ya rubuta cewa famfon da Kansila ya yi wa Unguwar Kwata bai taɓa ɗigar da ruwa ba. Kansila ya sa aka kawo shi.

"Ka rubuta famfona na aiki, ko ka kwana a hannun 'yan sanda!"

"Zan rubuta, ranka ya daɗe, amma sai da hoto. Mu je ka yi alwalar Azahar a bakinsa."

Kansila, da rabonsa da unguwar tun ranar zaɓe, ya yarda. Jama'a suka taru. Ya murɗa kan famfo, sai ga ƙadangare ya fito.

Sallau ya ɗaga kyamara. "Lokacin salla na wucewa, ranka ya daɗe. Alwala za ka yi, ko taimama? Duk wadda ka yi, ita zan buga."