Wasiƙun Armaya'u daga Kwango

Akwai wani akawu da aka yi a Tambuwal farkon samun 'yancin kai, sunansa Namadi. Gwaggonsa Atu ce ta raine shi a Kebbe tare da ɗanta Armaya'u.

Armaya'u ya shiga soja ba da izinin uwarsa ba, aka tura su yaƙin Kwango. Daga nan Kebbe ba ta da zance sai nasa. Namadi zai zo gida fes, alƙalami a aljihu, amma ba mai kallonsa, sai dai, "Ina labarin sojanmu?" Hassada ta ci shi ta cinye.

Atu ba ta yi boko ba. Namadi ke kawo wasiƙa ya karanta mata, shi ne kuma zai rubuta amsa. Sai ya fara tsallake layi. Duk inda aka rubuta, "Inna, ki yafe mini, ki sa mini albarka," sai ya wuce.

"Bai ambace ni ba?" in ji Atu.

"Gwaggo, abokanai kaɗai yag gaisar."

Shekara biyu a haka, har tsohuwa ta cire ɗanta daga addu'arta.

Ranar da Armaya'u ya dawo, hannunsa na dama babu. Ya durƙusa gabanta, ta juya masa baya.

"Wanda bai tuna ni ga takarda ba, mi ya kawo shi?"

Armaya'u ya miƙe. Ya rataya jakarsa zai bar garin.

Da Namadi ya ga haka, sai ya matso. Ya ce, "Gwaggo, miƙo min takardun."

Ta ciro su daga ƙasan ƙwarya. A gaban jama'a ya karanta su ɗaya bayan ɗaya, bai tsallake komai ba. "Ni na ɓoye," ya ce. "Baƙin ciki nika yi da shi."

Atu ta rungume dungulmin hannun ɗanta tana kuka, tana sa masa albarka. Can ta ɗago ta dubi Namadi.

"Na yafe maka. Amma shekara biyu ɗana shina cikin wuta ba addu'ata. Wagga ba ka iya maido min ita."

Namadi ya ajiye aikin akawu. Har ya tsufa, shi ke nome gonar Armaya'u kafin ya taɓa tasa.

Darasi: Hassada na ƙona abin da tuba ba ta iya maidowa, amma faɗin gaskiya da wuri na ceton abin da ya rage. In an ba ka amanar saƙo, isar da shi cikakke. Ku tura wa 'yan'uwa su ma su karanta.