Atilin Bayan Rugar Sambo

Ku gyara zama, wannan labari ba na gyangyaɗi ba ne, na gardama ne.

A wani ƙauye a gindin duwatsu an yi wata dattijuwa, Iya Dela, wadda duk rayuwarta atili ne. Shi take jiƙawa a ruwan ɗumi, shi take matsewa ta fitar da mai, da shi ta raini 'ya'yanta mata uku. Sai wata cuta ta faɗa wa itatuwan garin. Ganye ya yi rawaya ya zube, cikin bishiyoyinta tara saura biyu, su ma sun kama hanya. Kullum da safe takan tsaya ƙarƙashinsu tana yi musu faɗa kamar suna ji.

Babbar 'yarta Lantana tana aiki a wata kwaleji, a ɗakin da ake danne ganye tsakanin jaridu har ya bushe, a manna shi a kwali, a rubuta inda aka tsinko shi. Iya ta sha ce mata, "Ke dai boko ya cuce ki. Mutane na sa ganye a miya, ke kina kulle shi a kabad." Lantana ta shafe wata biyu tana kaɗe ƙurar kwalaye, har ta faɗa kan wani mai shekara sittin. Ta zo gida, ta gyara tabarau, ta karanta da muryar masu labaran rediyo: "Atilin daji. Shi kaɗai bai bushe ba a shekarar cuta. An samo shi a bayan rugar Sambo."

Iya ta yi tsaki. "Wannan malami bai san Fulani ba. Ya zaci ruga masallaci ce da za ta tsaya wuri ɗaya?"

Ta tsakiya, Jummala, ita ke kai mai kasuwa, kuma bakinta ba ya hutu. Kasuwa bakwai ta bi, duk mai nonon da ta gani sai ta tsuguna ta ja ta da hira. A ta bakwai ta samu wata tsohuwa, Goggo Hajo, 'yar Sambon ta cikinsa. Tsohuwar ta buɗe baki ta nuna giɓi. "Aradu na san itacen, yarinya. Daga kansa na faɗo na bar haƙorin nan." Ta kwatanta mata rafin da za a tsallake da duwatsu biyun da itacen ke tsakaninsu.

Da aka je, sai aka tarar ya tsufa, cikinsa ya zama kogo, ya daina 'ya'ya, reshe ɗaya ne mai rai can ƙoli. Auta Kyauta, wadda ba ta cika magana ba, ita ta iya yi wa itace aure. Ta ɗaure zani, ta hau, itacen na ƙara ƙarƙashinta, gwiwarta ta ƙuje har da jini, ta yanko rassa ta naɗe a jiƙaƙƙen tsumma. A gida ta haɗa su da ƙananan dashe ashirin, sha biyu suka kama. Cuta ta zaga garin ta sake zagawa, ba ta taɓa ko ɗaya ba.

Iya Dela ta daina faɗa da bishiya. Amma kwaleji ta aiko da sabon kwali na wannan atilin, kuma a ƙasansa layi ɗaya ne tak na sunan wanda ya samo. Da sunan nan za a riƙa kiran irin har jikoki.

"Ba don ƙurar da na shaƙa ba, wa ya san da shi?" in ji Lantana.

"Yaya, takardarki daji ta kai mu," in ji Jummala.

Kyauta dai tabon gwiwarta ta nuna.

Iya ta ce a matsa a rubuta duka ukun. Lantana ta ce dokar ɗakinsu ba ta yarda ba. Suka miƙa wa tsohuwa biro, ta riƙe shi kamar muciya tana kallonsu ɗaya bayan ɗaya.

To, jama'a, in ku ne Iya Dela, sunan wa za ku ce a rubuta?