Mariƙin Ƙofar Da Thibault Ya Ɓoye

Ku masu ɗaukar hannu mai kanta a matsayin kan da babu ƙwaƙwalwa, da ku nake. Ba zan kama suna ba, kun san kanku.

Akwai wani mai zanen jiragen ƙasa a birnin Grenoble na ƙasar Faransa, sunansa Thibault Marchal. Gwani ne, wannan ban musa ba. Kujera, fitila, taga, duk abin da ya zana sai ka tsaya kallo. Amma girman kai kamar ya fasa shi.

A sabon taragonsa, jan mariƙin da ake ja ƙofa ta buɗe in hatsari ya faru ya tsone masa ido. Ya ce muni ne. Ya ɓoye shi bayan wani murfi mai santsi, launinsa ɗaya da bango.

Masana'antar da yake wa aiki tana da al'ada. Kafin a amince da zane, ana gina taragon da katako, mai zanen ya sa safar hannu mai kauri irin ta hunturu, a shafa wa tabaraunsa maiƙo, ya nemo kowane mariƙi kamar tsoho mai raunin gani.

Gaspard, tsohon kafintan da ke gina katakon, ya miƙa masa safar.

"Yallaɓai, bismillah. Nemo mana mariƙin nan."

"Baba Gaspard, ni zane nake yi, ba wasan makafi ba. Koma ga ƙusoshinka."

"To, Allah ya sa ranar nemansa idonka biyu."

Thibault ya yi dariya ya tafi cin abincin rana. Haka aka ƙera taragon, murfin na nan yadda ya zana shi.

Ranar gwajin jirgin a kan duwatsu, cikin sanyin Janairu, ya gayyato mahaifiyarsa Odile, mai fama da asma, don ta ga aikin ɗanta. Gaspard yana taragon gaba.

Suna tsakiyar ramin da ya ratsa dutse, wata waya ta kama da wuta a ƙarƙashin daɓen taragon. Jirgi ya tsaya cak. Fitilu suka mutu. Hayaƙi mai warin roba ya fara tasowa daga ƙasan kujeru.

"Thibault," in ji Odile, muryarta tana fita kamar ta cikin tsinke, "buɗe ƙofa, ɗana."

Ya ruga bango. Santsi. Ya shafa sama, ya shafa ƙasa, santsi ko'ina. Shi ya zana wurin, ya san mariƙin yana nan, amma yatsunsa sun daskare, idanunsa na zubar da ruwa. Ya tuge safar hannunsa da haƙora. A bayansa tarin tsohuwar ya ragu, ya koma wani siririn fito. Sannan ya ji jakarta ta faɗi.

"Mama! Mama, yi magana!"



Sai aka buga gilashin da ke tsakanin taragai.

"Kai, mai zane!" Gaspard ne. "Daina shafa bango kamar mai lallashin kyanwa! Hagu da ƙofa, daidai ƙugunka, nemi kaushi!"

Yatsansa ya faɗa kan wani abu mai gurzar fata. Guntun sanfefar goge katako ne, da Gaspard ya liƙa a kan kowane murfi da safiyar ranar ba tare da ya gaya wa kowa ba. Thibault ya danna, ya fizgi mariƙin. Ƙofa ta buɗe, iska mai ƙanƙara ta shigo. Ya sungumi uwarsa ya fita da ita.

Kwana tara ta yi a asibiti. Ta rayu, amma har yau ba ta iya hawa bene ba hutu.

Da ya dawo aiki, Thibault ya wuce ofishinsa ya nufi wurin kafintoci, ya miƙa hannu biyu.

"Baba, ina safar nan?"

Gaspard ya jefa masa. "Maiƙon yana kan tebur. Shafa da yawa."

Darasi: Wanda ka raina saboda ƙurar da ke jikin rigarsa, wata rana ran wanda kake ƙauna zai rataya a kan abin da ya sani. Ku tura wa duk mai ji da kansa. In kuma kana ganin ba ka taɓa korar wani Gaspard daga gabanka ba, fito ka ƙaryata ni.