Ranar da Ruwa Ya Ci Hassana

Ku matso ku ji, amma labarin ba daɗi.

A wani asibitin masu sikila, Hajiya Turai ce shugabar sashen kwamfuta. Bayanan marasa lafiya duk suna cikin wata kwamfuta marar jiki, wadda ke zaune cikin babbar na'urar asibitin. Suna kiranta Hassana. Kowace sa'a takan kwafe kanta zuwa ga abokiyar tagwaicinta Usaina da ke Kaduna, saboda gudun ɓacin rana.

Ranar kuwa ta zo. Ambaliya ta cinye Hassana ɗungurungum, daidai lokacin da wata malamar makaranta, Saratu, ke kwance tana jiran ƙarin jini. Jikinta ba kowane jini yake karɓa ba, bayanin kuma yana cikin kwamfuta. Turai ta ce a ta da Usaina. Wayyo, ashe kwana arba'in rabon tagwayen da magana! Turai ta tara ma'aikatanta uku.

Lantana ce ta gano cutar, kalmar sirri ta saɓa. Ita ce kuma ta canza wa Hassana kalmar, ta mance ba ta gaya wa Usaina ba.

Ɗanjuma ya kutsa ruwa har ƙirji ya ciro faifan ajiyar bayanan Hassana, ya busar da shi. Amma fa shi ne ya kashe ƙararrawar gargaɗin tsayawar kwafi tun watan jiya, wai ta cika masa kunne.

Malam Sabo ya haɗa tsohon kwafin Usaina da guntayen bayanan faifan, har sunan Saratu ya fito. Shi ɗin ne kuma yake sa hannu duk wata cewa an gwada Usaina, alhali ko leƙa ta bai yi ba.

Da babu ɗayansu, da bayanan mutum dubu uku sun tafi. Turai ta ruga da takardar bayanin jinin, ta tarar an rufe Saratu da zane. Ta durƙusa a bakin ƙofa tana kuka, baƙin ciki kamar ya kashe ta.

Mahaifiyar Saratu ta dube ta ta ce, "Na san kwana ne ya ƙare, 'yar nan. Amma turo min mutum ɗaya, wanda ya ja mana jinkirin, ya dubi idona in yafe masa."

To jama'a, cikin ukun nan, wa Turai za ta tura?