Wutar Chindo a Kan Hidaya

A garin Malbaza akwai wani mai gyaran wutar manyan motocin siminti, sunansa Chindo. Gwani ne, wannan babu musu. Ciwonsa guda: abin da ya gani sau ɗaya, to a ganinsa ya iya shi, kuma ba ya jiran tuwo ya huce.

Matarsa Hidaya malamar lakwal ce, wato makarantar boko. Wata cuta ta kama ta da gajiya irin wadda barci ba ya kashewa. Takan tashi da safe kamar ta wuni noma, alli ma nauyi yake yi mata. Aka ba ta hutu, aka ce idan an koma karatu bayan damina ba ta dawo ba, za a ba wani ajinta. Ajin nan kuwa shi ne ranta.

Suka tafi Yamai. Wata likitar ƙwaƙwalwa ta ce jijiyoyin mutum suna da riga kamar robar jikin waya, cutar Hidaya tana cinye rigar, sai saƙo ya riƙa makara a hanya. Ba a warkewa gaba ɗaya, amma suna gwada wata na'ura ko za ta rage gajiyar. Ta jiƙa soso biyu, ta ɗaura a kan Hidaya, ta haɗa su da na'urar, ta kunna. Ba yanka, ba allura.

"Mi kika ji?" in ji Chindo.

"Kamar tururuwa na tafiya bisa goshina, Maigida."

Aka yi ta zuwa ana sa mata. Wata safiya sai ga Hidaya ta yi sallarta a tsaye, ta ɗauki tsintsiya ta share masaukinsu. Chindo ya saki baki. Ya tsufa cikin wayoyi, bai taɓa tunanin Allah ya shimfiɗa waɗanda suka fi gashi siranta a cikin kan ɗan Adam ba, har 'yar wuta ƙanƙanuwa ta tashe su. Ya yi ta tasbihi har da ƙwalla.

Da mamakin ya tsaya nan, da an ji daɗi. Likita ta sallame su su huta, su dawo zagaye na biyu. Da suka koma gida, Chindo ya ga damina na ƙarewa, ya shiga rumfarsa ya haɗa batir da wayoyi da soso.

"Wutar likita ko ƙwan fitila ba ta kunnawa, ta yi wanga aiki," ya ce wa matarsa. "In an ƙara ta hwa?"

"Likita ta ce sannu-sannu, Maigida."

"Ke, aikin wutar kuran aikina na! Ita a takarda ta karanta shi."

Hidaya ta yarda da hannun mijinta, ta miƙa kai. Yana haɗa wayar ta ƙwalla ƙara ta kife. Da ya cire soson, fatar goshinta ta ƙone.

Da aka mai da ita Yamai, likita ta daɗe tana duban ciwon. "Malam, ba yawan wutar ne magani ba, awonta ne da wurin da ake sa ta. Ba zan ɗora komai a kan wannan fatar ba sai ta warke sarai."

Gajiyar ta dawo, aka ba wani ajin. Ranar da aka koma lakwal ana jin ƙararrawa har ɗakinsu. Hidaya tana kwance da kai a naɗe. Ba ta zage shi ba, ba ta ko harare shi ba.

"Maigida," ta ce, "ruhe mini tagar nan."

Ya rufe, ya zauna a bakin ƙofa ya yi kuka kamar yaro.

Darasin da ke nan a fili yake. Gwaninta a sana'a guda ba ta mai da mutum gwanin kowace sana'a. Idan ka ga abin al'ajabi a halittar Allah, ka bar mamakin ya koya maka tsoro, kada ya koya maka ƙarfin hali. Magani da awo yake aiki, kuma gaggawar mai jinya, majinyaci ne yake biyan ta da jikinsa.