Bado, Ɗan Farin Ladingo

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

Dalilin da ya sa in kun ciro bado daga tafki kuka dasa a lambun gida ba ya kamawa, ko da kuna ba shi ruwa safe da yamma, alhali ga rama da yakuwa suna ta tashi a gefensa, to ku gyara zama ku ji.

A da can, lokacin da tsirrai ke magana da masu su, Bado ɗan tudu ne. Karansa a miƙe yake kamar na dawa, ganyensa faffaɗa kamar faifai. A lambun wata mata yake, sunanta Ladingo. Allah bai ba Ladingo haihuwa ba, sai ya ba ta hannun shuka, abin da ta shuka kuwa su ne 'ya'yanta: Zogale, Lalle, Yakuwa da Bado. Bado ta fara shukawa, shi ne ɗan farinta. Kun kuwa san uwa da ɗan fari: ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa a gaban mutane, saboda kunya. In maganarsa ta kama, sai ta ce, "Wancan mai faffaɗan kunne." Amma ruwan farko na tulu kullum a gindinsa yake sauka.

Yakuwa takan ce, "Inna, wai ba ruwanki da Yaya, amma mu sai guntun tulu."

Ladingo takan ce, "Ke, rufe bakinki mai tsami."

Wata shekara rani ya yi tsawo. Rijiyoyi suka ƙafe, gari duka ya koma kan tafki ɗaya. Ran nan Ladingo ta sunkuya za ta cika tulu, sai Tafki ya yi magana.

Ya ce, "Baiwar Allah, dubi kaina, ko hula babu. Abin da rana ke sha a jikina ya fi abin da kuke ɗiba. In na ƙafe, da ke da lambunki da garinku duk kun shiga uku. Ki ba ni riƙon ɗaya daga 'ya'yanki ya rufe mini kai, zuwa saukar damina."

Ladingo ta koma gida ta faɗa musu. Zogale ya ce shi ganyensa ko fara bai isa ya yi wa inuwa ba. Lalle ta ce amare na jiranta. Yakuwa ta ce in ta shiga, ruwan gari duk zai yi tsami.

Bado ya ce, "Inna, ni zan je."

Ladingo ba ta ko dube shi ba. Ta ce, "Wanda ya ga zai iya, ai sai ya tafi." Sannan ta durƙusa ta tone shi da yatsunta, don kada fartanya ta taɓa masa saiwa.

Tafki ya karɓe shi hannu biyu. Ya ce, "Na karɓi amana. Sai dai masu zuwa bakina suna da yawa, kada wani ya ce nasa ne. Ranar da kike son abinki, ki tsaya nan ki kira shi da sunansa, ni kuma in sake shi."

Tafki ba mutum ba ne, bai san abin da ya ɗora mata ba. Ita kuma ta ji nauyin yi masa bayani, sai ta ce, "To."

Bado ya shimfiɗa ganyensa bisa ruwa, rana ta rasa wurin sha. Tafki bai ƙafe ba har hadari ya haɗo, aka yi ruwan shuka. Ladingo ta ɗauki ƙwarya ta nufi tafki, ta iske matan gari cike da bakin ruwa, har da yayar mijinta.

Ta ce, "Kai, mai faffaɗan kunne, taso mu je gida."

Tafki ya ce, "Wa ke nan? Jakunan da ke shan ruwa a nan ma duk kunnensu faffaɗa ne."

Mata suka yi dariya. Bado ya ce, "Inna, ki faɗa mana. Sau ɗaya kawai."

Ta buɗe baki, sunan ya zo har kan harshe ya tsaya. Ta ce, "Sai gobe."

Kashegari ta yi sammako, ba kowa a wurin, amma nan ma ta kasa. Ashe ba mutane kaɗai take jin kunya ba, har kunnenta. Haka ta yi ta zuwa tana komawa da ƙwarya wayam, tana cewa ai yana cikin ruwa, ba abin da zai same shi. Gero ya yi bununi, aka yanke, dawa ta nuna.

Wata safiya ta zo ɗiban ruwa, ta hangi furen Bado kwance bisa ruwa, shi da ta sani a tsaye. Iska ta kaɗa, ruwa ya rufe shi. Ladingo ta zaci nutsewa yake. Tulu ya suɓuce mata, ta shiga ruwa har ƙugu.

"Bado! Bado, ɗana!"

Mata suka rufe baki da hannu. Tafki ya ce, "Yanzu na ji," ya sake shi.

Ta kai shi gida ta mayar da shi gurbinsa, sai ya zube ƙasa kamar igiya. Ta kafa masa kara ta ɗaure, ya sulale. Ta zuba masa taki, ta yi masa rumfa, ta juye masa ruwan randa kaf. Kullum in ta tambaye shi jiki, sai ya ce, "Da sauƙi, Inna." Ganyensa kuwa sai ƙanƙancewa yake yana bushewa daga baki-baki.

Yakuwa ce ta gaji. Ta ce, "Inna, Yaya fa mutuwa yake. Kunya ce ta hana shi faɗa miki. Ai gado ya yi."

Ladingo ta zauna gefensa ta ce, "Gaya mini gaskiya."

Bado ya ce, "Ruwa ya daɗe yana ɗauke mini nauyin jikina, Inna, har karana ya manta tsayuwa. Amma kin kira ni. In kin ce in zauna, zan zauna."

Ladingo ta dubi gurbin nan da ta yi ta sharewa duk damina tana jiransa. Sannan ta tashi ta ɗauko ƙwarya, ta sake tone shi da yatsunta.

Tafki da ya ga halin da yake ciki ya ce, "Baiwar Allah, da na san nauyin sunan nan a bakinki, da ban ɗora miki ba."

Ta ce, "Da ni ma na faɗa maka. Riƙe shi da kyau, shi ne babba."

Ta sa shi a ruwa, ganyensa ya miƙe a hankali. Daga ranar, kowace safiya in ta zo da tulu, sai ta sunkuya ta ce, "Bado, ka kwana lafiya?" Ko wa ke wurin, ba ta ƙara rage murya ba.

Shi ya sa har yau zogale da lalle da yakuwa suke zaune lafiya a bayan ɗaki, amma bado in an kai shi lambun gida sai ya kwanta ya bushe, don karansa bai sake koyon tsayuwa ba. Shi ya sa kuma za ku ga furensa a buɗe da sassafe, lokacin da mata ke zuwa ɗiban ruwa, in rana ta take sai ya rufe. Innarsa yake dubawa. In kun gan shi kada ku cire, ku dai kira sunansa ku wuce.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu, tatsuniya ta koma bakin tafki.