Geron Gindin Gawo

Tun kafin a gina ganuwa a ƙasar nan, lokacin da giwaye ke shan ruwa a inda yau mata ke wanki, an yi wani maharbi ana ce masa Tunau. Kirarinsa shi ne Tunau na Tabawa, mai kwana inda zaki ya tashi, kibiya ɗaya nama ɗaya. Tabawa uwarsa ce, kuma a kan abin da ta bar masa aka kafa garin da za ku ji.

Mutanen Tunau manoma ne masu tsabtar da ta wuce hankali. In sun yi girbi sai su share gona kamar za a yi shimfiɗa a cikinta, su tara kara da ganye da kashin dabbobi su cinna wuta, don a ganinsu duk abin da ya mutu cuta ne. Sukan tsaya suna kallon hayaƙin suna yabon kansu, ba su san ƙarfin gonar ne ke tashi sama ba. In ƙasa ta gaji su ce ta yi musu butulci, su ɗaure kaya su yi gaba. Itacen da suka fi ƙi kuwa shi ne gawo. Kowane itace da damina yake ganye, shi kuwa sai ya kaɗe nasa ya tsaya tsirara, sai rani ya yi sannan ya yi kore. Suka ce itacen matattu ne, ba a shuka kusa da shi.

Wata shekara yunwa ta watsa garinsu. Tabawa ta rasu a hanya, ta bar wa ɗanta 'yar gora cike da irin geron kakanninta. Ta ce masa ko yunwa za ta kashe shi kada ya ci, ya shuka. Tunau ya rabu da sauran ya nausa daji, daga shi sai baƙin karensa Duna.

Ya zauna a wata jigawa kusa da tafki. Ya share ta ƙal, ya ƙone shara yadda ya ga ana yi, iska ta kwashe tokar. Da ya shuka, geron ya fito rawaya-rawaya, ko gwiwa bai kai ba ya bushe. Damina ta biyu ma haka. Abin da ya rage a gorar bai cika tafin hannu ba, kuma Tunau ya san in wannan ya tafi, geron gidansu ya ƙare a duniya. A duk tsawon zaman nan bai ji muryar mutum ba. Da Duna yake hira, shi yake ba labarin uwarsa.

Da rani sai wani gwanki ya soke Duna da ƙaho a gindin wani babban gawo, inda namun daji ke taruwa suna shan inuwa, suna cin 'ya'yan itacen, suna zubar da kashi. Tunau ya haƙa rami nan ya binne shi. Ya koma bukka, ya buɗe baki zai yi magana, ya ga babu wanda zai gaya wa.

Ran da ruwan farko ya sauka ya ɗauki gorar, amma ya kasa taka gonarsa. Ƙafarsa ta kai shi gindin gawo. Ya ce a ransa tun da ƙasar masu rai ta ƙi irin nan, gara ya bar wa matattu. Ya tona kewayen kabarin da hannu ya zuba.

"Duna, riƙe mini wannan," in ji shi. "Ni na kasa."

Gawo ya kaɗe ganyensa a kan shukar, ruwa ya jiƙa shi, ya ruɓe tare da kashin barewa da na gwanki. Rana ta riƙa ratsa rassan da ba ganye tana sauka kan geron. Ya fito kore shar, ya wuce tsawon mutum, kuma zangarniyar da ta fi kowacce girma a kan kabarin ta tsaya. Tunau ya damƙo ƙasar wurin, ya ga baƙa ce mai laushi, tana da gara suna ta aiki a ciki. Nan ya gane itacen yakan sha iska da rana ya yi ganye, dabba ta ci ta mayar, ƙasa ta karɓa ta miƙa wa gero. Wasu sun ce iskar da ke zaune a gawon ce ta bayyana masa haka. Tsofaffi sun ce babu wanda ya yi masa magana, kuma ni na fi yarda da su. Ranar da ya fara cin tuwon geron ya yi kuka, ya ce ashe Duna bai tafi ba.

Bayan wasu damina ragowar mutanensa suka ɓullo a rame, tare da ƙanwar uwarsa, Shekara. Da suka ji inda geron ya fito suka ja da baya. Shekara ce ta fara miƙa hannu, ta tauna 'yan ƙwayoyi, ta dubi Tunau.

"Geron yayata ne wannan, ɗana."

"Shi ne, Inna."

Suka ci suka rayu, suka koyi barin kara da taki a gona. Amma bukkokinsu nesa da tasa suka kafa, don har ya tsufa suna jin tsoron mutumin da ya ci abinci daga hannun matattu. Da ajalinsa ya matso ya roƙe su abu ɗaya, su binne shi kusa da karensa, su yi shuka a kansa.

"Ba ku zauna cin tuwo da ni ba," ya ce. "To, zan zo muku a cikin ƙwaryar."

Garin shi ne Gawon Tunau. Har yau ba a sara gawo a can, ba a kuma ƙona kara a gona. Geron gindin tsohon itacen nan kuwa, duk shekara akan tuƙa shi a zuba a ƙwarya ɗaya, gari ya kewaye ta, kuma an hana kowa ya ci shi shi kaɗai.